Zauren Kimiyya: Aikin Gayya a Cikin Wayar Salula

A wannan makon gaisuwa ta musamman ga 'yan uwanmu na makarantun Isa da Sabon Birni da ƙauyukan da ke kewaye da su, domin da gonakinsu da rijiyoyinsu za mu yi darasin yau.

Duk wanda ya taɓa riƙe kwalin sabuwar waya ƙirar Tecno ko Infinix ko Redmi ya ga an rubuta Octa-core a jikinsa. Mai shago zai ce maka ai wannan injinta takwas ne, gudunta ya ninka na tsohuwarka sau takwas. Rabin maganarsa gaskiya ne. Sauran rabin kuwa shi ne abin da muke so mu warware yau, saboda a cikinsa akwai wani babban fanni na ilimin kwamfuta, wato yadda ake rubuta manhaja ta raba aikinta ga ma'aikata da yawa su yi shi a lokaci guda. Kuma za ku ga cewa duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya riga ya san tushen wannan ilimi.

Me ya kawo cibiyoyi da yawa?

A cikin kowace waya ko kwamfuta akwai wani ɗan guntun ƙarfe da ake kira furosesa, ko masarrafa. Ita ke yin duk lissafin da na'urar ke buƙata. A cikin masarrafar kuma akwai ɓangaren da ke karɓar umarni ɗaya bayan ɗaya yana aiwatarwa. Wannan ɓangaren za mu kira shi cibiya. Kalmar nan ta jikin kwali tana nufin cibiya takwas ke nan.

A da, cibiya ɗaya tak kowace masarrafa take da ita, kamfanoni kuma suna ta ƙara mata gudu shekara bayan shekara. Wajen 2004 sai abin ya ci tura. Masarrafar Pentium 4 ta kamfanin Intel ta kai gudun gigahaz 3.8, wato bugawa biliyan 3.8 a daƙiƙa ɗaya, daga nan ƙarin ya gagara. Dalili shi ne zafi. Duk lokacin da aka ƙara gudu, wutar da masarrafa ke sha tana ƙaruwa fiye da ƙarin gudun, wutar nan kuma zafi take komawa. Mu da muka san rana ta watan Afrilu a ƙasar Sakkwato ba sai an yi mana dogon bayani ba: ku lura da yadda waya ke yin nauyi idan ta ɗau zafi. Da gangan take rage gudunta don kada ta ƙone.

Sai injiniyoyi suka sauya dabara. Maimakon ƙato ɗaya mai cin wuta, a zuba matsakaita biyu ko huɗu a wuri guda. Kamfanin IBM ya fitar da masarrafar POWER4 mai cibiya biyu a 2001. Intel da AMD suka kawo irinta cikin kwamfutocin gida a 2005. A 2011 ta shigo wayar salula. Yau ko waya mai araha da wuya ka same ta da ƙasa da cibiya huɗu.

To amma fa cibiya takwas ba ta raba wa kanta aiki. Idan wanda ya rubuta manhaja ya jera umarninsa a layi ɗaya, cibiya ɗaya ce za ta yi ta fama, bakwai suna zaune. Kamar manomi ne ya tara mutum takwas a gonarsa ya kawo fartanya ɗaya.

Hanyoyi uku na rabon aiki

Hanya ta farko ita ce rabon kunya. Aiki iri ɗaya ne, sai a yanka shi gida-gida. A gonar gero kowa ya kama kunyarsa, babu mai jiran wani. Haka waya ke yi idan ka ce ta ƙara wa hoto haske. Hoton ɗigo ne miliyoyi, kowace cibiya sai ta ɗauki yanki guda ta gyara. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ita ta fi ba da riba.

Hanya ta biyu ita ce rabon sana'a. Ayyukan daban-daban ne amma ba su dogara da juna ba. Ranar gayya wasu na noma, wasu na ɗebo ruwa, mata na gida suna dama fura. A waya, wata cibiya na kunna karatun da kake saurara, wata na sauke saƙon WhatsApp, wata na kula da abin da yatsanka ke taɓawa.

Hanya ta uku ita ce miƙa-miƙa. Aikin yana da matakai da dole su bi juna, kamar surfe, da bakace, da daka, da tankaɗe. Ba a tankaɗe kafin daka. Amma idan hatsin da yawa, mai surfe tana gama kwano na farko ta miƙa gaba ta kama na biyu, kafin wani lokaci duk su huɗun suna aiki tare, kowace a kan nata kwanon. Haka ake sarrafa bidiyo: ana karanto wani yanki, ana warware na gabansa, ana nuna wanda ya riga su. Sai dai ku lura, idan mai daka ta fi kowa jinkiri, saurin sauran bai amfana komai ba. Gudun layin duka gudunta ne.

Lissafin Amdahl

Yanzu mu koma ga maganar mai shago. A ce gonarku tana can cikin fadama. Zuwa da amalanke awa ɗaya, dawowa awa ɗaya. Aikin da ke gonar kuma, idan mutum ɗaya ne, awa takwas. Jimilla awa 10.

Ku tafi ku takwas. Aikin gona ya koma awa ɗaya. Amma hanya tana nan yadda take, shanun ba za su ƙara sauri don mutane sun ƙaru ba. Jimilla awa 3. Ku raba 10 da 3, za ku samu 3.3. Mutum takwas, amma saurin bai kai ninki huɗu ba. Ku tafi ku tamanin, aikin gona ya koma minti 6, jimilla awa 2 da minti 6. Ko duk mutanen Gatawa aka kwasa, ba za a sauka ƙasa da awa 2 ba, wato saurin ba zai taɓa wuce ninki 5 ba.

Wani injiniyan kwamfuta ɗan Amurka mai suna Gene Amdahl ne ya ja hankalin masana ga wannan a 1967, har yau kuma da sunansa ake kiran ƙa'idar. Abin da take cewa shi ne, ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi ke yanke iyakar saurin da za a samu. Kowace manhaja tana da irin wannan hanyar zuwa gona: buɗe fayil, jiran intanet, haɗa sakamako a ƙarshe. A 1988 wani masanin, John Gustafson, ya ƙara da cewa mai mutum tamanin ba ƙaramar gona zai kai su ba, babba zai nema. Idan aikin ya girma, awa biyun hanya sai ta zama ƙaramin kaso. Shi ya sa manyan kwamfutoci masu dubban cibiyoyi suke da amfani ga manyan ayyuka, amma ba za su sa ka buɗe saƙo da sauri ba.

Rige-rige da cirko-cirko

Rabon aiki yana da haɗari biyu da suka fi ba masu rubuta manhaja ciwon kai.

Na farko rige-rige. A ce wa da ƙane suna kula da rumfar albasa, littafin lissafinsu ɗaya. Littafi ya nuna buhu 50. Wan ya duba ya ga 50, ya tafi ya karɓi buhu 10. Kafin ya rubuta, ƙanen ma ya duba ya ga 50, ya karɓi buhu 5. Wan ya rubuta 60. Ƙanen ya zo ya goge ya rubuta 55. A rumfa akwai buhu 65, littafi ya ce 55, kuma babu wanda ya yi ƙarya ko ya kuskure lissafi a cikinsu. Haka ke faruwa idan cibiya biyu suka taɓa adadi ɗaya a ma'adana a lokaci guda. Abin da ya sa wannan cuta ke da wuyar kamawa shi ne ba kullum take fitowa ba. Manhaja za ta yi aiki lafiya sau dubu, sai ranar da sa'a ta ƙi.

Kada ku ɗauka wasa ne. Ranar 14 ga Agusta 2003 wuta ta ɗauke wa mutane kimanin miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da wani yanki na Kanada. Cikin abubuwan da bincike ya gano akwai irin wannan rige-rige a manhajar da ke yi wa ma'aikatan wani ɗakin kula da wuta a jihar Ohayo gargaɗi. Ƙararrawar ta yi shiru, layukan wuta suna ta faɗuwa, su kuma ba su sani ba.

Maganin rige-rige shi ne makulli. A rumfar nan sai a ce biro ɗaya ne, kuma ba mai buɗe littafi sai wanda biron ke hannunsa, ba ya kuma ajiye shi sai ya gama rubutawa. Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, shi ya shimfiɗa tushen wannan dabara a shekarun 1960. Amma makulli yana da tsada: duk lokacin da wani ke jiran biro, ba ya aiki. Idan makullai suka yi yawa, an koma gidan jiya, mutum takwas da fartanya ɗaya.

Haɗari na biyu makullin ne ke haifar da shi, wato cirko-cirko. Yara biyu sun je rijiya. Ɗaya ya riga ya ɗauki guga, ɗaya ya riƙe igiya. Mai guga ya ce ba zai saki ba sai an ba shi igiya, mai igiya ya ce sai an ba shi guga. Haka za su wuni ba ruwa. Idan ka ga manhaja ta daskare ba gaba ba baya, wani lokaci abin da ya faru ke nan. Maganinsa doka ce mai sauƙi: kowa igiya zai fara ɗauka, sannan guga. Wanda bai samu igiya ba ba shi da izinin taɓa guga. Da wannan jerin, cirko-cirko ba zai yiwu ba.

Akwai kuma matsalar rashin daidaiton kaya. Kunyar wani ciyawa ce cunkus, ta wani fes. Idan kowa ya gama ya zauna, duka za a jira mai ciyawa. A gayya mun san abin da ake yi: wanda ya fita kunyarsa sai ya juyo ya tari ɗan uwansa. Masana kwamfuta sun ɗauki wannan dabara, cibiyar da ta gama nata sai ta ɗebo daga layin wadda aiki ya yi wa yawa.

Kayan aikin

Waɗanne kaya ake amfani da su? Ga kaɗan daga cikin sanannu.

OpenMP, wanda ya fito a 1997, ana amfani da shi da yarukan C da C++ da Fortran. Shi ne sarkin rabon kunya. Layi ɗaya za ka ɗora a saman aikin da ke maimaituwa, #pragma omp parallel for, sai ya raba zagayen ga duk cibiyoyin da ke cikin na'urar.

MPI, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a 1994, na kwamfutoci ne da yawa da aka haɗa da waya, kowace da ma'adanarta. Ba su da littafi ɗaya da za su yi rige-rige a kansa, saƙo suke aika wa juna.

CUDA na kamfanin Nvidia ya fito a 2007. Yana ba da damar amfani da masarrafar zane, mai dubban ƙananan cibiyoyi, wajen lissafi. Yawancin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana a kansu yau da irin wannan masarrafa ake horar da su.

Yaren Go, wanda Google ya fitar a 2009, an gina shi ne da rabon aiki a zuciya. Ka rubuta kalmar go a gaban wani aiki, sai ya tashi ya kama gabansa, sauran manhajar ta ci gaba. Yaren Rust kuma yana ƙin karɓar rubutunka tun farko idan ya hango ma'aikata biyu za su yi rubutu wuri guda ba makulli.

Python, wanda da yawanku za ku fara da shi, yana da wani babban makulli a cikinsa da ya daɗe yana hana layukan aiki biyu yin lissafi a lokaci guda. Shi ya sa masu amfani da shi kan tayar da kwafin manhajar da yawa, kowane a cibiyarsa. Sai a fitowar 3.13 ta 2024 aka fara gwajin cire wannan makulli.

Ina ruwanmu?

Na farko, aljihunku. Masarrafar Helio G35 da Helio G85, duka na kamfanin MediaTek, kowace cibiya takwas gare ta, kuma duka ana samunsu a wayoyin kasuwanninmu. Amma G35 duka takwas ɗin ƙanana ne masu tsimin batir. G85 kuwa tana da manya biyu da ƙanana shida. Tunda yawancin abin da muke yi da waya yana da dogon ɓangaren da ba ya rabuwa, manyan nan biyu su ke sa a ji waya tana da sauri. Wannan tsari na haɗa manya da ƙanana kamfanin ARM ne ya gabatar da shi a 2011: ƙanana su riƙe ƙananan ayyuka don batir ya daɗe, manya su tashi idan aiki ya yi nauyi. A garin da cajin waya sai an kai shago an biya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka idan za ku raka Baba ko Yaya sayen waya, ku tambayi sunan masarrafar, kada ku tsaya ga adadin cibiya.

Na biyu, damina. Hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara kan lokacin saukar ruwa, da wanda cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ke yi wa ƙasashen Sahel, sun dogara ne da lissafin da manyan kwamfutoci ke yi. Ana yanka sararin sama gida-gida kamar gonaki, kowace cibiya ta ɗauki nata, bayan kowane zagaye ta gaya wa maƙwabtanta abin da ke faruwa a kan iyaka, domin iskar da ta bar Maraɗi ba ta tsayawa a boda. Tun 1922 wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya yi tunanin wannan tsari, ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 masu lissafi da hannu kafin a riga yanayi sauri. Manomin da ke son sanin ko ya yi shuka ko ya dakata yana cin moriyar wannan gayya ko bai sani ba.

Na uku, ɗan Najeriya ya taɓa yin suna a wannan fanni. A 1989 Philip Emeagwali, wanda aka haifa a Akure, ya samu ɗaya daga cikin kyaututtukan Gordon Bell saboda lissafin yadda man fetur ke gudana a ƙarƙashin ƙasa, a kan wata kwamfuta mai ƙananan masarrafai 65,536. Za ku ji ana cewa shi ya ƙirƙiro intanet. Wannan ba haka ba ne, kuma ba ya buƙatar ƙari. Abin da ya yi na gaskiya ya isa abin koyi.

Mun san halin da yankinmu ke ciki. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, Isa da Sabon Birni suna ciki. Makarantu da yawa ba su da ɗakin kwamfuta mai aiki. Amma wannan fanni yana cikin waɗanda ake fara koyonsu da alli da takarda, kuma wanda ya samu ya sauke manhajar Termux da yaren Go a waya sau ɗaya, zai iya ci gaba da gwaji ko babu sabis. Masu niyyar karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ku riƙe lissafi da kyau, shi ne jarin.

Gwajin aji

Ku nemi izinin malamin lissafi ku gwada wannan. Ku yanka takardu 64, ku rubuta adadi a kan kowace. Da farko ɗalibi ɗaya ya tara su duka, a duba agogo. Zai yi tarawa sau 63. Sannan ɗalibai 32 kowa ya ɗauki takarda biyu ya tara, a samu 32. Rabinsu su miƙa wa na kusa da su, a samu 16, sai 8, sai 4, sai 2, sai 1. Zagaye shida kacal. A lissafin takarda saurin ya haura ninki goma. Ku duba agogo ku ga ko ya kai. Ba zai kai ba, kuma muna so ku gano da kanku inda lokacin ya tafi: rabon takardu, miƙawa, jiran mai jinkiri. Ku kuma ƙirga mutum nawa ne ke zaune ba aiki a zagaye na ƙarshe.

Tambayar mako

Wani aiki yana ɗaukar mutum ɗaya awa 12. Awa 3 daga ciki ba sa rabuwa. Idan mutum 9 suka taru, awa nawa zai ɗauka, kuma saurin ya ninka sau nawa? Sannan, komai yawan mutanen da aka tara, mene ne iyakar ninkin da za a iya samu? Ku aiko da amsa ta hannun editan wannan shafi, tare da sunan makarantarku da ajinku. Ajin da ya yi gwajin takardu 64 kuma ya turo mana da mintocin da agogo ya nuna, za mu kwatanta na makarantu daban-daban.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya kuma zaunar mana da yankinmu lafiya.